Naci ne ko jini? Yaran da ake turawa yaƙin sararin samaniya a littafi

Akwai wata yaudara da littattafan yaƙin sararin samaniya na matasa ke yi wa masu karatunsu, kuma ni dai ban ga ana yawan maganarta ba. A bayan littafin za a rubuta maka cewa labari ne na yaron da ya jure, ya ƙi sarewa, aka danne shi ya taso, iyaye su gani su ce yauwa ga abun da ya dace yaro ya karanta. Amma in ka shiga ciki ka bi labarin a hankali sai ka tarar tun kafin yaron ya ɗaga yatsa an riga an gama magana, don shi daban aka haife shi. Ƙwaƙwalwarsa daban, jininsa daban, wani ma tun kafin a yi cikinsa aka yi odarsa. Nacin da ake ta yi masa kirari da shi ado ne kawai aka ɗora a sama. Ina son irin waɗannan littattafai fa, kar wani ya ɗauka na zo rushe su ne, amma son abu ba ya hana ka faɗin inda yake maka wayo.

Mu fara da babban cikinsu, Ender's Game na Orson Scott Card, wanda ya fito a 1985, asalinsa gajeren labari ne da mujallar Analog ta buga a 1977, ya ci kyautar Nebula ya ci ta Hugo, aka yi fim ɗinsa a 2013. A duniyar littafin doka ta hana iyali haihuwar fiye da yara biyu, amma hukuma da kanta ta ba iyayen Ender izinin su haifi na uku. Dalili? An gwada yayansa Peter an ga akwai ƙwaƙwalwa amma mugu ne, an gwada yayarsa Valentine an ga ita ma ƙwaƙwalwar ce amma tausayinta ya yi yawa, sai aka ce to a sake haifo wani ko za a dace da tsaka-tsaki. Ka ji fa. Yaro bai zo duniya ba an riga an rubuta masa aiki. Aka maƙala masa wata na'ura a ƙeya ana ganin duk abun da yake gani ana jin duk abun da yake ji, yana shekara 6 Kanar Graff ya zo har gida ya tafi da shi Makarantar Yaƙi da ke shawagi a sama. To don Allah a nan ta ina naci ya shigo?

A yi wa littafin adalci, akwai wurin da yake burge ni har gobe. Lokacin da aka jefa Ender cikin rundunar Salamander shi ne ƙarami, bai iya komai ba, kwamandan rundunar Bonzo Madrid ya tsane shi, ya hana shi atisaye da sauran, ya ce masa in an shiga fage kar ya kuskura ya zaro bindiga, ya koma gefe ya tsaya. Petra, mace ɗaya tilo a rundunar, ita ta riƙa jansa da safe tana koya masa saiti, lokacin hutu kuma sai ya tattaro ƙananan yaran da suka zo makarantar tare, waɗanda ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, su shiga ɗakin yaƙin nan da babu nauyi a ciki, mutum in ya tunkuɗa bango haka zai yi ta tafiya har sai ya ci karo da wani abu, su yi ta gwaji suna kuskure suna sakewa, manyan ɗalibai na musu dariya, har farmaki suka kai musu wata rana. Cikin irin wannan gwajin ne dabarar nan tasa ta zauna, ta tunkarar abokin gaba da ƙafafu a gaba, ko an harbe ka ƙafafun ne za su sandare su zame maka garkuwa, hannunka yana nan kana harbi. Daga baya kuma za ka gan shi zaune shi kaɗai yana maimaita tsofaffin bidiyon yaƙin da 'yan adam suka yi da halittun wata duniya masu kama da ƙwari, yana neman abun da aka yanke aka ɓoye. Wannan shi ne aiki, ba ƙyale-ƙyale, kuma shi ne abu ɗaya a littafin da yaro zai iya kwaikwaya ko da ba a yi odarsa ba.

Amma sai me? Da aka ba shi tasa rundunar, Dragon, bai taɓa faɗuwa ba. Ko sau ɗaya. Aka riƙa haɗa shi da yaƙi kullum, aka koma har biyu a rana, aka tara masa runduna biyu lokaci guda, duk wani maguɗi an yi masa, duk ya cinye. Ni kuma a ganina ba a gane mai naci sai an ga yadda ya yi washegarin ranar da ya faɗi. Wanda kullum shi ke ci gajiya kawai yake jurewa, bai san ɗacin nan na ka yi iya yinka kuma a ce maka bai isa ba, alhali wannan ɗacin shi yawancin yaran da ke riƙe da littafin suke sha duk ƙarshen zango.

A 1999 Card ya sake ba da labarin ta bakin Bean, ɗaya daga cikin yaran rundunar Ender, a Ender's Shadow. Bean ɗan titi ne a birnin Rotterdam, yunwa ta kusa kashe shi, shi ne mafi ƙanƙanta a ko'ina, mai karatu zai gyara zama ya ce madalla yau ga ɗan da ba shi da kowa zai taso da ƙoƙarinsa. Ina! Ashe tun kafin a haife shi wani likita ya taɓa masa ƙwayar halitta a ɗakin gwaji, shi ya sa ƙwaƙwalwarsa ta fi ta kowa. Ko ɗan titin ma sai da aka nemo masa dalili a cikin jini.

Haka ma Skyward na Brandon Sanderson da ya fito a 2018, kuma shi ya fi ba ni haushi don shi ya fi kusa da yin daidai. Spensa yarinya ce da aka yi wa mahaifinta tambarin matsoraci, wai ya gudu daga fagen daga aka harbo jirginsa, duk gari ana nuna ta da baki. Ta samu shiga makarantar tuƙin jirgin yaƙi da ƙyar, shugabar rundunar ta ce to ki yi karatu amma ba ɗakin kwana ba abinci, sai ta koma wani kogo tana kwana, tana farautar ɓeraye tana ci, kullum ta tako a ƙafa ta zo aji, da dare kuma ga wani mataccen jirgi da ta tsinta a kogon ana ta fama a tayar da shi. Rabin farko na littafin nan wallahi ba ka da abun cewa. Sai can wajen ƙarshe a ce maka ai dama akwai wani abu a jinin zuriyarsu, tana jin kiran taurari, tana iya jin umarnin da abokan gaba ke aika wa jiragensu, abun da ake ce wa tawaya a gidansu ashe shi ne makamin. Shi kenan an dawo gidan jiya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar da ta karanta tana cewa ni ma zan iya sai ta rufe littafin da sanin cewa kwanan kogon ba shi ya yi aikin ba.

Me ya sa marubutan nan suke ta faɗawa rami ɗaya? Ni a nawa tunanin ba lalaci ba ne kawai, dole ce ta sa su. Duk wanda zai rubuta labarin soja kuma jaruminsa yaro ne akwai tambayar da ke jiransa a shafin farko: ga manya nan birjik, ga janarori masu furfura, ga matuƙan da suka shekara ashirin a sama, me ya sa za a miƙa wa ɗan shekara 11 ragamar yaƙi? Naci ba zai amsa wannan tambayar ba, don babba ya fi yaro daɗewa yana naci. Abu ɗaya ne zai amsa ta, a ce yaron yana da wani abu da ba wanda ke da shi kuma ba a koyonsa. Shi ya sa ko a fina-finan zane na Jafan ma haka ne, a Gundam na 1979 Amuro ɗan shekara 15 ya faɗa cikin ƙaton mutum-mutumin yaƙi yana duba littafin umarni yana tuƙawa, daga baya aka ce ai wani sabon nau'in ɗan adam ne, a Evangelion na 1995 kuma 'yan shekara 14 ake sawa, kowannensu da dalilin da ya sa injin ke amsa masa. Kenan baiwar nan ba darasi ba ce ake son koya wa kowa, lasisi ce. Ita ke wanke manyan da ke cikin labarin, ta wanke marubucin, ta wanke mu masu karatu, mu zauna muna jin daɗin kallon yaro a fagen daga ba tare da zuciya ta dame mu ba, tunda ai ba yadda za a yi, shi kaɗai ne zai iya.

Ga kuma kasuwa. Yaro ɗan shekara 13 da yake ganin ba a fahimtarsa a gida, malamai ba su san darajarsa ba, ba abun da ya kai masa daɗi kaman a ce wata rana wani mai kaki zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce mun daɗe muna kallonka, kai muke nema. Wannan mafarkin yana sayar da littafi, kuma ban ga laifin yaro don ya yi shi ba.

Abun mamaki, littafin da ya fi faɗin gaskiya kan naci a wannan fanni shi ne wanda na fi samun matsala da siyasarsa. Starship Troopers na Robert Heinlein, 1959. Heinlein tsohon hafsan sojan ruwan Amurka ne, ya gama makarantar Annapolis a 1929, tarin fuka ya fitar da shi daga aiki a 1934, kuma don matasa ya rubuta littafin, kamfanin Scribner da ya saba buga masa littattafan yara ya ƙi karɓa, sai Putnam ya buga. Jaruminsa Johnny Rico ba kowa ba ne ta fuskar ƙwaƙwalwa. Ɗan masu kuɗi ne da ya gama sakandare ba tare da ya yi fice a komai ba, lissafi na ba shi wuya, ya shiga soja rabi don abokinsa ya shiga rabi don ya burge wata yarinya. A teburin ɗaukar kurata an ajiye wani saje ba ƙafafu kuma hannu ɗaya, da gangan, don duk mai shiga da wasa ya gani ya juya. Rico ya jero ayyukan da yake so, aka gwada shi aka ga bai dace da ko ɗaya ba, sai na can ƙarshen takarda, sojan ƙasa. A sansanin horo littafin ya ce mutum 2009 suka fara, 187 suka gama, 14 suka mutu, sauran kuwa wasu sun ajiye wasu an sallame su wasu an mayar da su wani fanni. Kuma ƙofa a buɗe take, duk ranar da ka gaji ka ce ka fasa ba mai riƙe ka. Rico da kansa ya kai inda ya yanke shawarar ajiyewa bayan ya ga an yi wa wani kurtu bulala an kore shi, sai ga wasiƙar tsohon malaminsa ta iso, yana cikin tafiyar ƙafa da sauran ya ji abun ya sake shi, ya zauna. Ba wani haske da ya sauko masa, ba wani sirri a jininsa. Ya kusa tafiya ne bai tafi ba.

To amma fa duniyar da wannan nacin ke yi wa hidima duniya ce da ba ka da ƙuri'a sai ka yi wa gwamnati aikin bauta ka gama, ana yi wa mutane bulala a bainar jama'a, kuma malamin aji yana tsaye yana koya wa yara cewa ƙarfin tuwo ya warware rigingimu fiye da komai a tarihi. Sai ka rasa wanne za ka miƙa wa yaro, wanda ya yi ƙarya kan baiwa ko wanda ya faɗi gaskiya kan naci ya haɗa da wannan.

Wani zai ce to kai so kake a ce babu baiwa? A'a, akwai ta, duk wanda ya taɓa zama aji ɗaya da yaron da ke gane lissafi tun malam bai gama rubutawa ba ya san akwai ta. A 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta sun tattara bincike masu yawa kan yadda atisaye ke bambanta gwanaye, suka samu cewa yana bayanin kusan kashi 26 cikin 100 na bambancin a wasanni irin su dara, 21 a kiɗa, 18 a wasannin motsa jiki, a karatun makaranta kuwa kashi 4 kacal. Wato maganar nan da ta yi tashe ta cewa atisayen awa 10,000 ke mayar da mutum gwani, wadda littafin Malcolm Gladwell na 2008 ya yaɗa, an zuzuta ta fiye da kima. Angela Duckworth kuma a makarantar sojan West Point ta yi nata binciken da aka buga a 2007, ta ga cewa ma'aunin naci ya fi makin shiga makarantar nuna wanda zai tsallake horon bazarar farko mai tsanani, amma a tuna waɗannan matasa an riga an tace su an sake tacewa kafin su iso ƙofar, don haka naci ne tsakanin masu baiwa. Abu biyun tare suke tafiya. Damuwata ita ce wanne ake nuna wa yaro a matsayin dalilin nasara. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yara 'yan aji biyar wasu tambayoyi, wasu aka yabe su da cewa kuna da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce kun yi ƙoƙari. Da aka kawo masu wuya kowa ya sha ƙasa, waɗanda aka ce wa masu ƙwaƙwalwa su suka fi saurin sarewa, suka fi gudun abu mai wuya, da dama cikinsu ma suka ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗi abun da suka ci. Ba wahayi ba ne, bincike ne guda, amma ya yi daidai da abun da ido ke gani. Yaron da ya taso da labarin zaɓaɓɓe, ranar da ya fara cin karo da abun da ya fi ƙarfinsa ba zai ce bari in ƙara zama a kai ba, cewa zai yi ashe ba ni ba ne.

Akwai kuma abun da ya fi wannan damuna, wato irin abun da littattafan ke kira juriya. Koma ka duba me Ender ya jure. Ba wahalar karatu ba ce kawai. Graff tun a cikin kumbon da ya ɗauko su ya yabe shi a gaban sauran yara da gangan don su tsane shi, tsarinsa shi ne yaron nan kar ya taɓa sa ran wani babba zai kawo masa ɗauki. Duk sanda ya fara yin abokai sai a ɗauke shi a canja masa wuri. Malamai sun san Bonzo na shirin hallaka shi, suka zuba ido, aka rutsa shi a banɗaki tsirara yana wanka, ya kare kansa, Bonzo ya mutu, aka ɓoye masa, kaman yadda aka ɓoye masa cewa yaron da ya doka tun yana shekara 6 shi ma ya mutu. Petra da ta koya masa harbi an yi ta matsa mata a atisayen ƙarshe har ta sare ana tsakiyar yaƙi. Duk wannan ana yinsa ne wai don a fito da zinariyar da ke cikinsa, kuma tunda a ƙarshe an ci yaƙin, labarin ya ba azzaluman gaskiya ko da bakinsa bai faɗa ba. Yaro mai karatu da ke zaune ƙarƙashin wani babba mai gallaza masa, koci ne ko malami ko wani a gida, me ya koya? Cewa wanda ke cutar da kai wataƙila ya ga wani abu ne a jikinka, ka daure. Wannan darasin ni ba na so a koya wa kowane yaro.

Kuma abun da mutane ke mantawa, nasarar Ender ta ƙarshe ba daga naci ta zo ba, daga sarewa ta zo. An ce masa jarrabawar ƙarshe ce a na'ura, malaminsa Mazer Rackham, tsohon gwarzon yaƙi, ne ke gwada shi, ya duba allo ya ga jiragen abokan gaba sun ninka nasa ba iyaka, ya gaji, ya ce a ransa bari in karya doka in yi abun da zai sa su kore ni in huta, ya kutsa da 'yan jiragensa ya harba babban makaminsu a kan duniyar halittun gaba ɗaya ta tarwatse. Sai ya waiwaya ya ga manyan hafsoshi suna kuka suna rungumar juna. Ashe ba wasa ba ne, duk yaƙe-yaƙen da yake yi a allo na gaske ne, matuƙan da ya riƙa sadaukarwa mutane ne, kuma ya shafe al'umma guda bai kai shekara 13 ba. Marubuci John Kessel ya yi wani sharhi a 2004 inda ya nuna yadda aka gina labarin gaba ɗaya don a samu mai kisa wanda ba za a iya ɗora wa laifi ba, kuma na yarda da shi. Ender bai sani ba, don haka hannunsa tsaf. Manya sun sani amma ba su suka danna ba.

A duniyar gaske kuwa ba wanda ke ɗaukar yaro soja don baiwarsa. Ana ɗaukarsa ne don ba ya tambaya, ba ya neman albashi, yana da saurin tsorata da saurin yarda, kuma ƙananan bindigogin zamani ba su fi ƙarfin hannunsa ba. Shi ya sa a 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙarin yarjejeniya da ta hana tilasta wa 'yan ƙasa da shekara 18 shiga soja, ta fara aiki ranar 12 ga Fabrairu 2002, kuma hukuncin farko da kotun manyan laifuka ta duniya da ke Hague ta yanke, a 2012, na Thomas Lubanga ne na Kwango, kan sa yara 'yan ƙasa da shekara 15 cikin yaƙi, aka ba shi shekara 14. Kanar Graff a littafi shi ma an gurfanar da shi bayan yaƙi. An wanke shi.

Na san amsar masoya littafin, za su ce ai Card ba yabon abun yake ba, suka yake, ba ka ga yadda Ender ya kwanta kwana da kwanaki ya kasa tashi ba, ba ka ga ya gano halittun ma ba su da niyyar sake dawowa ba, ya ɗauki ƙwan sarauniyarsu yana yawo da shi yana nema mata wurin zama? Na gani, kuma babin nan na ƙarshe shi ya ɗaga littafin sama da masu kwaikwayonsa. Amma tambayi duk wanda ya karanta shi yana ɗan shekara 12 me ya fi tunawa, ɗakin yaƙi zai ce maka, da yadda Dragon ta lallasa kowa. Shafi ɗari biyu da wani abu na daɗin nasara, babi ɗaya na nadama, ai ka san wanda zai zauna a kai. Ba banza ba rundunar sojan Marine ta Amurka ta taɓa shafe shekaru da shi cikin jerin littattafan da take so dakarunta su karanta.

Ba cewa nake a ƙwace littattafan daga hannun yara ba, hana yaro littafi ma ƙara masa kwaɗayinsa ne, kuma yaron da ke karanta shafi 300 don kansa ba abun a taɓa ba ne. Abun da nake so shi ne babban da ke kusa da shi ya karanta shi ma, ya ja hankalinsa zuwa ga mutanen da ke gefen hoto, don a nan gaskiyar take ɓuya. A Skyward ɗin nan da na gama yi wa faɗa akwai Rig, abokin Spensa, wanda ya ci jarrabawar shiga, aka sa shi a jirgi ya ga yaƙi da idonsa sau ɗaya ya ce wannan ba nawa ba ne, ya ajiye. A ma'aunin makarantar ya gaza. Amma shi ne ya koma kogon nan dare bayan dare da spana da waya yana gyaran mataccen jirgin har ya tashi, in ba don shi ba baiwar Spensa ba ta da abun hawa. Akwai kuma Hurl, yarinya mai zafin nama da aka harbi jirginta, malaminsu Cobb ya sha gaya musu in abu ya ɓaci ku cilla kanku waje da lema, ranku ya fi jirgi, amma an riga an cusa musu cewa mai fita daga jirgi matsoraci ne, ta ƙi fita, ta yi ta kokawa da sitiyari har ƙasa, ta mutu. Ita ma ai ba ta sare ba. Da Spensa ta samu kanta a irin wannan halin ta ja hannun ta fita, ta rasa gurbinta a makarantar saboda haka. Waɗannan shafukan sun fi duk maganar jin kiran taurari daraja, kuma Sanderson ne ya rubuta su da hannunsa, wato ya san gaskiyar, kawai dai bai yarda ta isa ta riƙe littafi ita kaɗai ba.

Lois McMaster Bujold ta gwada wani abu kusa da haka a The Warrior's Apprentice na 1986, inda Miles, gajere mai ƙashi mara ƙwari, ya diro daga katanga a gwajin shiga makarantar soja ya karya ƙafafu biyu tun a farkon littafi, ya faɗi warwas, sauran labarin duk bayan faɗuwar ne. Sai dai shi ma ɗan babban gida ne kuma bakinsa da ƙwaƙwalwarsa sun fi na kowa, don haka rabin hanya aka zo.

Littafin da nake jira a rubuta wa matasa shi ne wanda zai bar zaɓaɓɓen can yana ceton duniya, ya bi ɗaya daga cikin 1822 ɗin nan da ba su gama sansanin Rico ba. Wanda ya yi iya yinsa gwiwa ta ƙi, ko wanda ya duba ya ga ba zai iya harbin mutum ba ya ajiye kaki, ya koma gida ana masa kallon ragon maza, ya tashi washegari ya fara koyon wani abu daga tushe ba mai tafa masa. Mutum 1822 ne fa, kusan kashi 91 cikin 100 na waɗanda suka fara, kuma Heinlein bai bi ko ɗaya cikinsu gida ba.